Tohon Gashin Ido

Ban san ranar da na fara ba.
Na dai san a cikin danfo ne, tsakanin Agege da Idi-Araba,
motoci sun cushe a Oshodi kamar goro a huhu,
kwandasta na rataye a ƙofa yana zagin sama,
kular abincin Baba tana ƙona mini cinya.
Manuniya da babban yatsa suka je ido ba sallama.
Guda ɗaya.
Zafi kaɗan, sai wani sanyi ya biyo baya,
irin na wanda ya cire ƙaya.

Na dube shi a tafin hannu:
ɗan baƙin lanƙwasa, kamar wasalin da ya zame daga allo,
da farin ɗigo a gindinsa.
Na hure shi ta taga, ya bi hayaƙin Legas.

Kwana arba'in da uku Baba ya yi a gado na tara.
Likita ya rubuta takarda, na tsige biyu.
Kantin magani suka faɗi kuɗi, na tsige biyar.
Daren da numfashinsa ya riƙa sarƙewa
kamar janareton da mai ya ƙare wa,
ban ƙirga ba.

Ran sadakar uku, Iya Modinatu, mai ɗakin da ke kallon namu,
ta kama haɓata ta juya ni wajen haske,
ta ce da Hausarta mai ɗingishi:
"Barira, wa ya share miki bakin ido?"
A madubinta na gani.
Fatar ido tsirara, jajir,
gidan da aka kwashe wa danga.
Kwalli ya rasa abin kamawa.
Zufa ta shiga kai tsaye,
ƙurar titi ta shigo ba ta tuɓe takalmi ba.
Ashe masu gadi na kora, ɗaya bayan ɗaya.

Kowa da maganinsa.
Iya ta kawo man kwakwa a murfin kwalba.
Uwani ta ce man zurma, da tsinken auduga, kafin barci.
Wata a Balogun ta ce in zauna ta manna mini na roba,
dogaye kamar fiffiken fara.
Na ce kayan aro ba ya rufe katara, balle ido.
Chidozie mai kemis ɗin layinmu ya ce, bar shi kawai,
ciwon yana hannunki, idon lafiyarsa lau.
Na yi kwana biyu ina jin haushinsa
don ya faɗi daidai.

Sai na nema wa hannun wata sana'a.
Carbin Baba na jefa a jaka,
in yatsu suka tashi, in ba su ƙwaya su ja.
Wani lokaci su ƙi.
Wata Laraba na tsige huɗun da suka fara leƙowa,
na zauna a bakin kwata
na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza.

Can wata asuba, an ɗauke wuta,
na haska tocilar waya a madubi.
Ga su nan, gajeru, masu tsini,
kamar gero kwana uku bayan shuka.
Wani ya miƙe, wani ya karkace yana sukata,
akwai gurbi a hagu da har yau bai amsa ba.
Ba su tambaye ni dalili ba.
Ba su jira na ba su haƙuri ba.

Jiya a kan doguwar gadar nan, iskar ruwa ta bugo,
ɗigon yayyafi ya sauka, ya tsaya,
yana lilo a bakin idona, bai shiga ba.
Na bar shi nan har Obalende.
Ta cikinsa nake kallon kwale-kwale
da rufin gidajen Makoko,
hannuwana biyu a kan cinya.